Maigida Ya Tashi Daga Taifot, Barcin Dare Ya Gagara: A Saya Masa Ƙwayar Barci?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Maigidana ɗan shekara 46 ne. Ya kwanta a asibiti da taifot da maleriya, yau mako biyu ke nan da aka sallamo shi. Alhamdu lillahi zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci, amma da dare ba ya runtsawa. Haka zai kwana yana juyi, gari na wayewa kuma ya kama barci har la'asar. Wani mai kemis ya ce a saya masa ƙwayar barci. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa maigida sauƙi, ke kuma sannu da jinya. Kada ki saya tukuna. Daga bayaninki, maigida yana samun barci, lokacinsa ne ya juye. Wanda ya kwanta tun hantsi bai tashi ba sai la'asar ya riga ya samu awa 7 ko 8, kuma baligi awa 7 zuwa 9 yake buƙata a yini da kwana. Idan kin ƙara masa ƙwaya a kan wannan, zai yi barcin dare na magani, ya wayi gari da nauyin kai, ya koma ya yi na ranar da ya saba. Kin ga an ƙara masa kwanciya, alhali kwanciyar ce ta kawo shi halin da yake ciki.

Bari in yi miki bayanin yadda abin ya faru, domin in kin gane shi, gyaran ba zai yi miki wuya ba. Lokacin da jiki yake faɗa da ƙwayar cuta, garkuwar jiki tana sakin wasu sinadarai da ke kawo zazzaɓi da kasala da jin barci. Wannan alheri ne, jiki ne yake tilasta wa mutum ya kwanta ya bar ƙarfinsa ga yaƙin. Sai kuma zaman asibiti ya zo da nasa: fitila a kunne har safe, ma'aikaciyar jinya ta tashe shi tsakar dare don allura ko awon jini, ƙarin ruwa a hannu ya hana shi juyawa, na gadon kusa yana nishi. Cikin 'yan kwanaki sai ya koyi barcin guntu-guntu, a duk lokacin da ya samu.

Abu biyu ne suke sa mutum barci da dare. Na farko gajiyar da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga tashi da safe. Gwargwadon daɗewar mutum a farke, gwargwadon nauyin idonsa. Barcin rana yana kwashe ta, kamar wanda ya cika ciki da ɗanwake da la'asar sannan a kawo masa tuwo bayan magariba. Na biyu agogon da ke cikin ƙwaƙwalwa, wanda hasken rana yake saitawa ta ido. Shi ne yake sakin sinadarin melatonin idan duhu ya yi, ya sauke zafin jiki kaɗan, ya shirya mutum ga barci. Majinyacin da ya yi makonni a ɗaki, labule a sake, bai ga rana ba, agogonsa ya ɓata. Saboda haka gyaran barcin maigida da safe za a fara shi.

Ku tsayar da lokacin tashi, a riƙe shi ko daren ya yi daɗi ko bai yi ba. Bayan sallar asuba yana iya ɗan kishingiɗawa, amma ƙarfe 7 ko 8 ta same shi a waje. Ki shimfiɗa masa tabarma ko ki ajiye masa kujera a tsakar gida, ya karya a nan, ya sha hantsi na minti 20 zuwa 30. Ba sai ya zauna cikin rana tsaka ba. Ko inuwar bishiya da safe ta ninka hasken ƙwan lantarkin ɗaki sau da yawa. Tunda nasa ya juye gaba ɗaya, kada ki ce rana ɗaya za a raba shi da barcin rana. Ki riƙa tashinsa da wuri da awa ɗaya ko biyu kowace rana, daga la'asar zuwa azahar, daga azahar zuwa sha biyu, har a zo inda ake so. Kwanakin farko zai yi miki ƙorafi, zai ce ba ki tausayinsa. Ki daure, ki yi masa bayani.

Ban ce a hana shi ƙailula ba. Mai murmurewa yana buƙatarta fiye da mai lafiya. Sai dai ta zama guda ɗaya, kusa da azahar, minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma ta ƙare kafin ƙarfe 3. Barcin bayan la'asar shi ne babban ɓarawon barcin dare. Sannan da rana a raba shi da gadon da yake kwana a kai. In zai huta, ya huta a falo ko a zaure. Ya riƙa ɗan tattaki: yau zuwa ƙofar gida, gobe zuwa masallacin layi, jibi ya ɗan zarce. Tsoka tana saurin zubewa idan aka daɗe a kwance, kuma jikin da bai motsa ba ba ya neman hutu. In tsayuwar salla tana sa shi jiri, ya yi a zaune, addini ya ba shi wannan rangwame.

Yanzu ki ɗauko ledar magungunansa ki zazzage ta, domin a nan nake yawan samun mai laifin. Idan cikin abin da aka ba shi na taifot akwai sifro, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Ciprotab, to ki sani shi kansa yana iya hana wasu barci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, yana kuma hana hanta saurin narkar da kafeyin, wato sinadarin wartsakewa da ke cikin shayi da kofi da goro da lemon kwalba baƙi. A jikin mai lafiya ma, rabin kafeyin ɗin da aka sha yana nan bayan awa 5 ko makamancin haka. Idan aka haɗa da sifro sai ya fi haka daɗewa. To ki duba yadda muke jinya a gida: da safe shayi mai kauri, da rana wani ya zo dubiya da goro, bayan isha'i a sake haɗa masa shayi wai don ya ji ƙarfi. Mutumin da ya sha wannan bai yi barci ba, ba abin mamaki ba ne. Daga azahar a ɗauke shayi da goro da kofi da lemukan ƙara kuzari. In yana son abu mai ɗumi da dare, ga kunun gyaɗa, ga madara, ga ruwan citta da zuma. Amma in bai gama shan maganin taifot ɗin ba, kada a tsayar da shi saboda barci, a cinye shi kamar yadda aka rubuta. Abin lura ɗaya: madara da maganin ƙarin jini suna hana sifro shiga jiki sosai, don haka a raba lokacinsu da nasa.

Magungunan ciwon jiki ma wasunsu akwai kafeyin a ciki. Panadol Extra ƙwaya ɗaya tana da miligiram 65, biyu ke nan 130, ya fi abin da ke cikin kofin shayi. Garin Alabukun asfirin ne da kafeyin, kuma asfirin ba abin da zan so a hanjin da taifot ya taɓa ba ne. Magungunan mura masu buɗe hanci suna sa bugun zuciya da bushewar ido. Sai firednisolon da dekzametazon, waɗanda wasu masu kemis suke jefawa cikin haɗin da suke ƙullawa a leda don mutum ya ji ƙarfi ko ya samu cin abinci. Waɗannan suna hana barci ƙwarai, suna ɗaga sukari da hawan jini, suna raunana garkuwar jiki. In likita ne ya rubuta, da safe ake sha, kuma wanda ya daɗe yana sha ba ya dainawa farat ɗaya sai an rage masa a hankali. Duk ƙwayar da kika gani a ledar ba ta da suna ba ta da kwali, ki kai wa likita ko masanin magunguna ya gaya miki mece ce. In kuma maigida yana shan maganin da ke sa fitsari, irin Lasix, shi ma na safe ne.

Ki tambaye shi kai tsaye me yake tashinsa, don maza da yawa ba sa faɗa sai an tambaya. In ciwon jiki ne, dare yana ƙara shi, domin sinadarin kotizol da ke danne kumburi yana sauka ƙasa da tsakar dare, ga kuma shiru, babu abin da zai ɗauke hankali daga ciwon. Farasitamol zalla, ƙwaya biyu masu miligiram 500, rabin awa kafin kwanciya, yakan wadatar. Kada ya wuce giram 4 a yini da kwana, a bar tazarar awa 6, kuma mai ciwon hanta sai da izinin likita. Ibufurofen da dikilofenak a bar su sai an rubuta, musamman ga mai olsa ko ciwon ƙoda.

In ya ce zuciyarsa ce take bugawa da ƙarfi idan ya kwanta, ko yana jin bugun a kunnensa, ko ƙafafunsa suna masa wani irin yam-yam sai ya motsa su ya ji daɗi, to a auna jininsa. Maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, taifot yana hana cin abinci, shi ya sa ƙarancin jini yake yawa bayan waɗannan biyun. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini sananne ne wajen kawo wannan rashin natsuwar ƙafa da dare. Awon ba shi da tsada kuma ko ƙaramin asibiti yana yi. In an ba shi maganin ƙarin jini, kada ya kora da shayi, shayi yana hana shi shiga jiki. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo su yawaita a kwanonsa.

Abincin dare kuwa a ci shi da wuri, awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya, kuma ya zama mai sauƙi. Na san yadda ake yi wa wanda ya rame: a cika masa kwano da tuwo da miya mai yaji da man shanu ƙarfe 10 na dare, a tsaya a kansa sai ya cinye. Ƙwannafi ne zai biyo baya. Babban abincin a mai da shi na rana. In ƙwannafin ya riga ya zama matsala, a ɗaga wajen kan gadon, kuma kwanciya a gefen hagu tana rage shi. Ruwa ya sha sosai da rana, ya rage bayan magariba. In duk da haka yana tashi fitsari sau da yawa, ga ƙishirwa, a auna sukarinsa.

Sai maganar 'yan dubiya, wadda na san ita ce mai wuya a gare ki. Dubiya sunna ce kuma zumunci ne, majinyacin da ba a leƙa shi ma ciwonsa ƙaruwa yake. Matsalar lokaci ce. Mutane sai sun taso daga kasuwa da wurin aiki, saboda haka bayan isha'i ake cika ɗaki. Wannan ya ce sannu, ya jiki. Maigida ya yunƙura ya zauna ya ce da sauƙi. A kawo ruwa, a kawo goro, a shiga labarin wane da irin wannan ciwon ya kashe bara, kowa ya faɗi maganin da ya sani. Kafin na ƙarshe ya ce Allah ya ƙara sauƙi sha ɗaya ta wuce, shi kuwa ido ya bushe, zuciya ta cika da tunani. Ke ba za ki iya sallamar yayyensa da abokansa ba, za a ce matar wane ta hana a ga mijinta. Ki samu babban wansa ko amininsa ki gaya masa likita ya ce dubiya daga hantsi zuwa magariba, shi ya sanar da sauran, shi ya tare masu zuwa da dare a zaure ya karɓi gaisuwarsu. Ki jingina abin da ni, na yarda. Masu zuwa da rana ma taimako suke yi, domin hirarsu tana hana shi barcin da muke so ya bari. Kuma an ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta, wannan hujja ce da ba mai musa miki.

Ɗakin kwana ya zama mai duhu da iska. Jiki sai ya ɗan huce yake kama barci, shi ya sa barcin bazara yake wahala ko ga mai lafiya. Wanka da ruwa mai ɗan ɗumi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya yana taimakawa. In zafi ya sa za a kwana a tsakar gida, to cikin gidan sauro, don wanda ya tashi daga maleriya yana iya sake kamuwa. Maganin sauro na hayaƙi yana tayar da tari, a kunna shi da wuri a kashe kafin a shiga, ko a bar shi. Janareto kuma nesa da ɗaki da taga, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. Waya a ajiye ta nesa da gado. Haskenta matsala ne, amma abin da ake gani a cikinta ya fi hasken tayar da hankali.

In ya kwanta ya kai kamar minti 20 barci bai zo ba, kada ya yi ta juyi yana duba agogo yana lissafin awa nawa suka rage. Ya tashi ya zauna a kujera cikin haske kaɗan, ya ja carbi ko ya saurari karatu a hankali, in ido ya yi nauyi ya koma. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana saurin koyo; in gado ya zama wurin juyi da tunani, da ya hau shi sai ido ya buɗe. Alwala da addu'o'in kwanciya a lokaci guda kowane dare su ma suna zame wa jiki alamar cewa yini ya ƙare.

Tunanin kuwa kada ki raina shi. Magidanci da ya yi makonni ba ya fita, ga bashin asibiti, ga kuɗin makarantar yara, ga shago a rufe ko aiki a hannun wani, da rana yana dariya da baƙi, da dare lissafin yake dawowa. Wasu kuma tsoro ne, sun ga an ja labule a gadon kusa da su an fitar da gawa. Ku zauna da rana ku yi maganar kuɗin a fili, a rubuta abin da ake bi da yadda za a biya, don kada ya riƙa ɗaukarta shi kaɗai ƙarfe biyun dare. In kin ga ya daina sha'awar komai, ba ya son magana, yana farkawa tun kafin asuba da ƙunci, yana cewa ya zama kaya a kanku, har mako biyu, wannan ciwon damuwa ne, yana biyo bayan doguwar jinya, kuma yana da magani a asibiti.

Mu koma kan ƙwayar da aka ce ki saya. Yawanci Valium ne ko Lexotan ko danginsu. Suna kwantar da mutum, amma suna rage barci mai nauyi, wanda a cikinsa ne jiki ya fi gyara kansa. Cikin 'yan makonni jiki yake sabawa da su, ƙwaya ɗaya ta daina yi, ranar da aka daina kuma rashin barcin ya dawo fiye da da. Mai rauni da ya sha ya tashi fitsari cikin dare yana iya faɗuwa. In aka haɗa su da tiramadol ko kodin suna iya danne numfashi har a rasa rai. Ba banza gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba. Piriton da ake ganin ba komai ba ne yana barin mutum da magagi da bushewar baki, ga dattawa yana iya kawo ruɗewa da riƙewar fitsari. Akwai lokacin da mu likitoci muke rubuta maganin barci, na 'yan kwanaki, bayan mun duba mutum mun san abin da yake sha. Wannan daban yake da a miƙo shi ta kan kanta.

Ba ina rage darajar barcin ba ne. A 2015 an wallafa wani gwaji da aka yi a Amurka da mutum 164, aka auna barcinsu na mako guda sannan aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci; masu barcin ƙasa da awa 6 sun ninka masu wuce awa 7 kamuwa har sau huɗu. Garkuwar jiki tana buƙatar barci. Amma dare ɗaya ko biyu marasa daɗi ba za su mayar da maigida asibiti ba, kuma tsoron rashin barcin shi kansa yana hana barci. In an bi abin da na faɗa, galibi ana fara ganin canji cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Akwai abubuwan da ba a jira da su. In zazzaɓi ya dawo, ko sanyi da karkarwa, a koma asibiti, domin taifot yakan dawo wa wasu cikin makonnin farko bayan gama magani, maleriya ma haka. Ciwon ciki mai tsanani, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko baƙin bahaya ko mai jini, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare. In ba ya iya kwanciya sai an tara masa matasai, ko yana farkawa numfashi na sarƙewa, ƙafa ta kumbura, a duba zuciyarsa. Gumi mai jiƙa riga da dare tare da rama da tarin da ya wuce mako biyu, a yi gwajin tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. In yana sambatu ko ruɗewa da dare, bai san inda yake ba, a kai shi a ranar. Minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda ke ce za ki fi shi sani, shi ma ki faɗa wa likita, kuma mai irin wannan matsala, ƙwayar barci haɗari ce a gare shi. In babu ko ɗaya cikin waɗannan amma mako huɗu sun wuce dare bai daidaita ba, ku je wurin likitan da ya sallame shi, ki tafi da ledar magungunan gaba ɗaya da takardar da kika rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa na mako guda, har da na rana.